Muryar Kawu a Lasifikar Layinmu

Ni rewaya ne a Apo, wato mai gyaran wutar mota, kuma duk wanda ya san ni ya san abu ɗaya ne ba na iya haɗiyewa, shi ne a ce aikina yana ƙara. Ka zage ni in yi dariya. Amma ka ce rediyon da na ɗaura maka yana wani zuuu a ƙasa-ƙasa, to ranar ko abinci ba zai yi min daɗi ba sai na gano ta inda ƙarar take shigowa. Wannan halin nawa ne ya sa na yi murna ranar da aka ce in taɓa amfilifayar masallacin layinmu, wato na'urar ƙara sauti. Tana nan har yau tana aiki tsaf, mutane suna yabawa, ni kuwa duk sanda aka kunna ta sai in ji raina ya sosu.

Ladanin masallacin a lokacin kawuna ne, yayan mahaifiyata. Shi ya ɗauko ni daga gida ya kawo ni Abuja ina ɗan saurayi, ya damƙa ni hannun ogan da ya koya min aiki. Shi kansa bakanike ne na giyabos, kuma a zamaninsa in giya ta gagari kowa a layin, wurinsa ake turo motar. Da girma ya zo, hannu ya fara rawa, ido ya rage, sai ya daina shiga ƙarƙashin mota. Abin da ya rage masa shi ne kiran salla da ɗan ɗakin da ke jikin masallacin, da bencin da yake zama a kai yana sa baki a aikin kowa ba tare da an tambaye shi ba.

Yana da 'ya guda da ke aure a Yangoji, mijinta manomi ne. Duk zuwan da za ta yi, da doyarta da man gyaɗarta, maganar ɗaya ce: "Baba, ka dawo wurinmu ka huta, ga ɗaki nan an gyara maka." Shi ma amsarsa ɗaya ce: "To wa zai kira salla?" Kowa ya san layin cike yake da masu iya kiran salla, ita ma ta sani. Amma muddin makirfon nan yana hannunsa, ba wanda ya isa ya ɗaga shi daga Apo. Ya taɓa ce min, in aka kai shi inda ba a buga ƙarfe, ba warin baƙin mai, ba wanda zai yi wa faɗa a kan kusa, bai san me zai tashi ya yi da safe ba. Yana faɗa yana dariya, amma da gaske yake.

Ita amfilifayar, ni na haɗa ta tun ina koyon aiki. Lokacin masallacin rumfar kwano ce kawai, Kawu da baki yake kira, ƙarar guduma tana cinye muryar. Na ciro aisi daga rediyon wata mota da ta yi hatsari, wato ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yake ƙara wa sauti ƙarfi. Na samo taransifoma a cikin wata matacciyar rakoda, na harhaɗa su a akwatin katako da kafinta ya yar. Maɓallin ƙarawa da ragewa na tsohuwar fanka ne. Lasifikar kuwa irin mai bakin kakaki ce, wani mai walda ya liƙa mana ita a kan tsohon furofela, dogon ƙarfen nan na ƙarƙashin mota, a saman rufi. Wayoyin duk guntaye ne da na tsinto na ɗaure da salatif. Ranar da ta fara magana, wallahi ji na yi kamar ni na ƙera jirgin sama.

Sai dai tana da hali. Da an kunna ta, kafin Kawu ya buɗe baki, sai ta fara da zuuum mai kauri da duk layin zai ji. Muryar kuma in ta fito sai ta fito da gurnani, a dunƙule, kamar mai magana da kai a cikin garwa. Kalmomin ba sa fita sosai, amma wa yake buƙatar a bambance masa kalmomin kiran salla? An saba. Akwai wata mata 'yar Filato, Kirista, da take sayar da abinci a rumfar da ke kusa da shagona, kowa Mama yake ce mata. Ita da zuuum ɗin nan take aiki. Da ta ji shi na azahar sai ta fara jera kwanuka, don ta san ana idar da salla za a yo kanta.

Ita ce kuma kan gaba wajen tsokanata. "Injiniya," in ji ta, da irin Hausarta, "wannan rediyo naka ƙudan zuma ya shiga ciki ne? Kullum yana kuka." Masu sayar da kayan gyara su kuma su ce, "Oga, janaretanka ya tashi." Ina dariya, amma abin yana cina. Na zama rewayan da ake kawo wa manyan motoci daga Maitama, amma sau uku a wuni, azahar da la'asar da magariba, aikin ƙuruciyata yana tsaye a saman rufi yana tona min asiri. Na sha cewa Kawu ya bar ni in buɗe ta. Sai ya ce, "Tana aiki, ƙyale ta. Ku yaran yanzu ba ku iya ganin abu a zaune lafiya."

To sai layin ya girma. Shaguna suka miƙe har bayan kwalbati, suka kusa bakin titi. Masallacin layin gaba kuma suka sayo sabuwar amfilifaya ta kanti, sautinta garau. 'Yan bayan kwalbati suka ce su fa ba sa jin kiranmu, wancan suke ji, can kuma suka koma salla. Wannan ya taɓa Kawu ƙwarai. Wata rana da hantsi sai ga shi a shagona, ya ja kujera ya zauna, ya daɗe yana kallon wani batir da nake caji kamar shi ya zo gani.

"Ɗan nan," ya ce, "ba za ka duba min abin nan ba? So nake ta kai bayan kwalbati. In da hali ma har titi."

Na ce, "Kawu, yau ku da kanku?"

"Kai dai ka yi abin da aka sa ka, ban da surutu."

Ko la'asar ban bari ta yi ba na je na kwanto ta. Kwana biyun da ta yi a hannuna da baki ya yi kira, ba wanda ya ji shi in ban da na kusa, kuma ba wanda ya kula.

Da na buɗe akwatin, kunya ta kama ni. Ga yanar gizo, ga kashin ƙadangare, ga dalmar da na liƙa da hannuna tun ina yaro, curi-curi kamar kashin akuya. Na zauna na bi ta ɗaya bayan ɗaya. Zuuum ɗin daga wuta yake. Kafasitar da ya kamata ta tace wutar taransifoma kafin ta shiga aisi ƙarama ce, ga shi ta bushe. Na cire na sa babba. Wayar makirfo kuma na gan ta kwance jikin taransifoma tana kwasar duk ƙazantarsa, na canza ta da mai sulke, na bi da ita ta wani gefen. Wayoyin negatib da na warwatsa ko'ina na tattara su wuri guda. Aisi ɗin yana zafi kamar dutsen guga, na ɗaura masa faffaɗan alminiyom ya riƙa shan iska, na kuma ƙara masa ɗan'uwa su riƙa tura lasifikar tare don ta kai nesa.

Babban kuskuren yarintar sai daga baya na gano shi. Saboda son ƙara, na buɗe wa amfilifayar baki har ƙarshe. Duk sautin da ya shiga, ƙarami ko babba, sai ya je ya bugi rufi ya fito girmansa ɗaya, a murƙushe. Shi ya sa take gurnani. Ka yi raɗa ta yi ruri, ka yi ihu ta yi ruri. Na canza rizista guda, na rage mata wannan haukan, yadda ƙaramin sauti zai fito ƙarami, babba ya fito babba. Akwai kuma wata 'yar kafasita da na sa a da ban ma san amfaninta ba, ashe ita take yanke siraran sautuka na sama, irin su sss da fff. Na fizge ta na jefar. Na hau rufi na canza fatar cikin lasifikar da ta tsage. Tsofaffin kayan duka na share su cikin tarkacen da 'yan bola suke kwashewa.

Sai gwaji. Mu a Apo da kiɗa muke gwada sauti. Ka gama ɗaura rediyo, ka jona waya, ka saki waƙa mai ganga, ka ji ko but ɗin motar yana girgiza. Da yake wannan ta masallaci ce, sai na sa karatun wani alaramma mai murya kamar ƙararrawa. Jama'a, zo ku ji! Kowane harafi a wurinsa, ba zuuum, ba gurnani. Na ɗauki makirfo na ce "gwaji, gwaji," muryata ta fito kamar a gidan rediyo. Mutane suka taru a ƙofar shago. Masu ce min janareta suka dawo suna cewa, "Oga, ka gama aiki." Kawu yana zaune a bencinsa, taku kaɗan daga inda nake, yana gyaɗa kai yana murmushi. Ko kusa bai zo min a rai ba in miƙa masa makirfon in ce ya ɗan gwada. A sana'armu ba wanda yake gwada sauti da muryar tsoho.

Na mayar da ita kafin azahar, na nuna masa inda zai bar maɓallin, na ruga bayan kwalbati don in ji da kunnena ko za ta kai. Na tsaya kusa da wani mai faci, ina ta duba agogo, ƙirjina cike da alfahari.

Ba zuuum. Abin da ya fara zuwa numfashi ne. Dogon jan numfashi mai ɗan fito a ciki, irin na wanda ya hau bene. Sannan muryar ta biyo, siririya, tana rawa. Ya ja kabbarar farko, tun bai kai ƙarshe ba ta karye, ya haɗiyi yawu, duk muka ji. Ya sake ja. Iska tana fita ta giɓin haƙoran da suka zube, kowane sss da fitonsa. A tsakiya ya kau da kai ya yi tari, irin tarin da na tabbata shekara da shekaru yana yi ba wanda ya taɓa ji, amma ranar har bayan kwalbati ya zo. Komai ya kai. Aikina bai bar komai a baya ba.

Mai facin ya ɗago kai daga tayar da yake dubawa ya ce, "Wai wa ke kiran sallar nan? Ina Baba?"

Na juya na nufi masallaci. Ni da nake cin abinci kwano ɗaya da Kawu, ban san muryarsa ta ƙare haka ba. In yana hira a hankali yake yi, a gajarce, ba ka gane komai. Kiran salla ne mai son dogon numfashi, shi kuma tsohon akwatina ya daɗe yana rufa masa asiri. Zuuum yana haɗiye numfashin da tarin, gurnanin kuma yana mayar da raunanniyar murya ƙaƙƙarfa. Abin da na yini biyu ina kira ƙazanta ina cirewa, shi ne yake riƙe da shi.

Da aka idar da salla na je cin abinci, Mama ta zuba min ta tsaya a kaina. Ba tsokana ranar. "Injiniya, Baba ba lafiya ne? Na ji shi kamar zai faɗi. Ka kai shi asibiti fa, kar ka yi wasa."

Da a ce dariya aka yi masa, da ya fi min sauƙi, don na san yadda zan yi da mai dariya. Amma tausayi ne ya sauko wa layin gaba ɗaya. Wannan ya kawo zuma da citta, wancan ya kawo maganin tari. Waɗanda suka saba zuwa benci su ja shi da musu a kan giya, suka koma gaishe shi a hankali suna tambayar jiki. In ya sa baki a aikin wani, maimakon a ce "Baba, zamani ya canza" a yi ta cacar baki kamar da, sai a ce "To Baba" a ci gaba da abin da ake yi. Na ga yana kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan bayan kwalbati kuwa sun fara dawowa sahu, don yanzu suna ji.

Bayan 'yan kwanaki shugaban kwamitin masallaci ya same ni a shago. Ogan masu fanabita ne, wato masu gyaran jikin mota, mutumin kirki, ba zan ɗora masa komai ba. Ya ce, "Injiniya, mu fa ba mu san haka dattijon nan yake wahala ba. Alhaki ne a kanmu. Akwai fentan can mai yi wa motoci fenti a ƙarshen layi, yana da murya, ya karɓe shi mana ya huta. Ɗakin kuma nasa ne, ba mai taɓa shi." Ya ƙara da cewa wani ma ya riga ya buga wa 'yarsa waya.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wane munafukin ne ya buga mata? Kawu lafiyarsa ƙalau! Na'urar ce ban gama saita ta ba. Ku ba ni ita yau ku ji."

Ya dube ni, ya san abin da nake yi, ya ce to.

A rayuwata ban taɓa aiki mai wuyar wannan ba, wato in zauna da hankalina in lalata abin da na gyara. Tsofaffin kayan 'yan bola sun tafi da su. Na tono wata ƙaramar kafasita a cikin tarkace na mayar a gurbin babbar. Na sake buɗe wa amfilifayar baki. Na ɗauki wayar makirfo da hannuna na kwantar da ita jikin taransifoma, ina yi ina jin kamar ana kallona. Na samo wata 'yar kafasitar na toshe siraran sautukan nan. Zuuum ya dawo. Ba irin na da ba ne sak, wannan ya ɗan fi kaifi, amma zai yi.

Da la'asar aka kunna. Zuuum ya cika layi, muryar Kawu ta fito da kaurinta da gurnaninta, ba numfashi, ba tari. Mama ta saki ludayi ta tafa hannu. "Baba ya warke! Godiya ga Allah!" Na yi dariya har da riƙe ciki, ban san sanda idona ya kawo ruwa ba. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin, in an kwana biyu kowa zai manta.

Ana idar da salla sai ga Kawu. Ya ja kujerar nan dai ya zauna.

"Me ya samu abin?"

Na ce, "Wani abu ne ya ƙone a ciki, Kawu. Sai na samo wani."

"Kai? Kai ne za ka mayar da abu saman rufi yana wannan kukan ka dawo ka zauna? Ni za ka yi wa wayo? Ni na yi maka wanka fa."

Na sunkuyar da kai ina juya sukudireba.

Ya ce, "Tun ranar farko na ji. Ka ga benen can da aka gina?" Ya nuna dogon ginin shagunan da ke fuskantar masallaci. "Da zuuum ya tafi, sai bangon ya riƙa dawo min da abin da na faɗa. Na ja kabbara sai na ji wani tsoho can yana amsawa da ƙyar. Na ce a raina, wane bawan Allah ne wannan, ba shi da 'ya'ya ne su hutar da shi? Ashe ni ne." Ya yi dariya, tarin ya katse ta.

Na ce, "To ai ga shi an gyara. Yanzu ba mai ji."

"Ba mai ji, ƙwarai. 'Yan bayan kwalbati ma yau ba su ji ba, sahu biyu muka yi."

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Su ji ko kada su ji, ina ruwana da 'yan bayan kwalbati! Ga masallaci can kusa da su, su je mana. Ni ku nake ji, Kawu. In kuka saki makirfon nan, kun san abin da zai biyo baya."

"A'uzubillahi! Rufe min baki." Bai ɗaga murya ba, ba shi da ita ma. "Kiran salla don a ji ake yin sa. Ba don a ajiye tsoho a Apo aka ce a yi ba. Ka mayar da ita yadda ka gyara ta. Aikin nan ya yi kyau, kar ka ɓata shi saboda ni."

Na so in ce masa ƙarya ne, aikin bai yi kyau ba. Amma ya yi kyau, kuma mu biyun duk mun sani. Washegari na mayar da babbar kafasita, na janye waya daga jikin taransifoma, na rage baki. Hannuna ne kawai yake aikin.

Bai jira kwamiti sun zo masa ba. Bayan sallar magariba ya miƙe a gaban jama'a ya kira fentan, ya miƙa masa makirfo, ya nuna masa inda ake barin maɓallin da yadda ake naɗe waya don kada ɓera ya ci. Aka yi ta sa masa albarka. Fentan yana da murya, ba zan ɓoye ba. In ya ja, har masu wucewa a kan babur suna waiwaye. A dalilinsa ma masallatai biyu suka kawo min nasu in duba, na gyara musu, ban ji daɗin ko ɗaya ba.

Kawu ya ci gaba da zama a benci na wani ɗan lokaci. In lokacin salla ya kusa sai ka ga ya duba rana, ya dafa gwiwa zai miƙe, sannan ya tuna ya koma ya zauna. In fentan ya fara, leɓɓansa suna bi a hankali. Ya rage sa baki a aikin mutane. Wata rana na ga an sauke giyabos a gabansa ana ta kuskuren mayar da ita, yana kallo, bai ce uffan ba. Ranar na tabbatar an gama.

Da 'yarsa ta zo ina wurin. Ta ajiye doya, ta gaishe shi, ta faɗi maganarta ta kullum, ga ɗaki nan an gyara. Ya buɗe baki, na ga amsar ta taso masa har maƙogwaro saboda sabo. Sai ya rufe. Ya kalli masallaci, ya kalli ƙasa, ya ce, "To."

Na sha zama in tambayi kaina wa ya yi laifi. Shi ya roƙa, ni na gyara, jama'a sun tausaya, 'yarsa kuma son ubanta take. Kowa ya ce min ko ba amfilifaya dama lokaci ya yi. Wataƙila haka ne. Amma na san da ban taɓa akwatin nan ba, da ya ƙara shekara ko biyu a bencinsa yana yi wa mutane faɗa, zuuum yana rufa masa asiri, Mama tana jera kwanukanta. Wannan shekarar ko biyun nake jin ciwonsu, kuma ba su daina yi min ciwo ba.

Ni na kai shi Yangoji a tsohuwar motata. Kayansa ba yawa, akwati ɗaya, darduma, buta, sai wata tsohuwar sifana da ya ce ba zai bari ba ko da ba abin da zai kwance da ita. Ya so mu fita da sassafe, na kuma san dalili, don kada kiran azahar ya same mu a layin ne. Amma sallama ta riƙe mu. Wannan ya zo, wancan ya zo, masu walda, masu kayan gyara, Musulmi da Kirista. Mama ta ƙunso masa soyayyen kifi a leda tana share ido da bakin zani tana cewa, "Baba, wa zai ce min gishiri ya yi yawa yanzu?" Kafin mu tada mota rana ta take.

Muna cikin cunkoson fita daga layi, daidai kwalbati, sai fentan ya ja kabbara. Na ce, "Kawu, mu juya mu yi salla?"

Ya ce, "Mu je. Ma yi a Gwagwalada."

Sai ya kama hannun gilashi ya murɗa shi ƙasa da ƙyar. Ya karkata kunne waje. Muka wuce kwalbati, kiran yana biye da mu garau. Muka wuce shagunan ƙarshe, yana nan. Muka hau bakin titi, ga hon na motoci, ga 'yan kamasho suna ihu, amma kowace kalma tana fita daram, ba zuuum, ba gurnani.

Ya juyo ya dube ni, fuskarsa a sake kamar an yi masa kyauta.

"Ka ji ko? Har titi. Abin da na ce ka yi min ke nan. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Na ce amin, idona a kan hanya, don ban iya kallonsa ba. Bai ɗaga gilashin ba sai da sautin ya ɓace gaba ɗaya.